Kwalbar esansi a Tibiri: wa ke yanke mata kuɗi?

A takarda, kuɗin litar esansi ɗaya ne a duk faɗin Nijar. Tun ranar 23 ga Yulin 2024 gwamnati ta tsayar da shi a kan sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma sefa 618. Abin da mai mota zai biya a gidan mai na Yamai, shi zai biya a Damagaram inda ake tace man, shi zai biya a Agadas da Difa. Sai dai wanda ya sauka daga babbar hanya a Kore Mairuwa ya yi kudu zuwa Tibiri ta jihar Dosso, daga can ya shiga ƙauyukan Dallol Mawri ta wajen Dumega da Gesheme, zai tarar mafi yawan jama'a ba a famfo suke shan mai ba. A kwalba suke saye, a hannun 'yan ruwa-ruwa, kuma kwalba ba ruwanta da dokar Yamai. Kuɗinta na iya sauyawa tsakanin kasuwar wannan mako da ta mako mai zuwa, yana iya bambanta tsakanin ƙauyuka biyu da ke jin kiran sallar juna.

Duk wanda ya san yankin ya san teburin. Ɗan katako ne ko tsohon benci a gindin dogon yaro, an jera kwalabe a kai, na lita guda da na rabin lita, ga mazurari da ƙyallen tacewa a rataye, ga bido mai cin lita 25 an tura shi can cikin inuwa don kada rana ta kumbura shi. Ɗan kabu-kabu zai tsaya, ya ɗaga kwalba ya haska ta da rana ko akwai ruwa kwance a gindinta, ya shinshina bakin ko an surka da kananzir, sannan ya ce, "Maigida, yau nawa?" In ya ji an ƙara dala biyar ko goma a kan na jiya, ba ya rasa jin ɗaya daga cikin amsoshin da kowa ya haddace: mai ya tashi a Najeriya, naira ta motsa, ko kuwa hanya ta yi zafi. Mai teburin bai karanta ilimin tattalin arziki ba, amma amsoshin nan nasa sun fi kusa da gaskiyar farashin mai a wannan yanki na Arewa fiye da allon da ke rataye a gidan mai.

Kafin a zo kansu, ya kamata a san yadda ake gina farashin hukuma. Nijar ta shiga sahun masu haƙo mai a ƙarshen 2011. Ana ɗebo ɗanyen man daga Agadem a jihar Difa, a turo shi ta bututu mai tsawon sama da kilomita 460 zuwa matatar SORAZ da ke arewa da birnin Damagaram. An buɗe matatar ranar 28 ga Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar 40. Daga bakin matata, SONIDEP, kamfanin gwamnati da aka kafa tun 1977, shi ke saye ya kai rumbunansa, irin na Dosso da na Sorey kusa da Yamai, masu gidajen mai su ɗauka daga can. A kan kuɗin matata ake ɗora haraji, da ladar ajiya, da ribar dillali da ta mai famfo, da kuɗin dako. Kuɗin dakon nan ne sirrin farashi ɗaya: ana tara shi a asusu guda a raba, na kusa ya ɗauke wa na nesa wani kaso na nauyi. Ba don haka ba, da tankar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Maraɗi da Ƙonni, ta ci sama da kilomita 600 kafin ta ga duwatsun Dogondutsi, ba za ta sauke mai a kuɗin da ake sha a ƙofar matata ba.

Tsarin ya yi abin a yaba masa. Kafin matatar ta fara aiki lita ta kai sefa 679. A farkon 2012 ta sauko zuwa 579, a 2013 ta koma 540, kuma a nan ta zauna sama da shekara goma sha ɗaya. A tsakanin nan kasuwar duniya ta yi hawa da sauka iri-iri. Ɗanyen mai ya faɗi warwas a watan Afrilun 2020 lokacin annobar korona, ya haura dala 120 ta Amurka a kan ganga a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, amma allon esansi a Nijar bai motsa ba. A Burkina Faso lita ta kai sefa 850. A Benin ta doshi 700. In dai maganar famfo ce, ɗan Nijar na cikin masu shan mai da sauƙi a duk ƙasashen sefa.

To, amma Tibiri ba da Burkina take maƙwabtaka ba. Jihar Kebbi ta Najeriya ce a gabanta.

Iyakar da ta raba Arewa gida biyu, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Ta bar Matankari da Dogondutsi da Tibiri a hannun Faransa, ta bar Kangiwa da kewayenta a ƙasar Argungu. Ba ta raba aure ba, ba ta raba kasuwa ba, ba ta kuma toshe hanyoyin daji da jakuna da raƙuma suka saba bi ba, waɗanda yau babura suka gada. Abin da ta raba shi ne kuɗi da doka: nan sefa, can naira, nan farashin SONIDEP, can farashin da gwamnatin tarayya ta shafe shekaru tana zuba wa tallafi. Mai kuwa halin ruwa gare shi, inda ya ga gangare nan yake bi, kuma gangarensa shi ne wurin da ya fi tsada.

A farkon 2023, farashin hukuma a Najeriya bai kai naira 200 ba. In aka juya shi da canjin kasuwa na lokacin, bai wuce sefa 160 ba, alhali a Nijar 540 ne. Ko da gidajen man kan iyaka sun sayar fiye da yadda hukuma ta ce, ko da an cire kuɗin ɗan dako da ya ɗaure bido shida ko takwas a jikin babur ya keto daji cikin dare, an cire abin da ake ajiyewa a shingaye, an cire ribar mai tebur, kwalba na isowa ƙauyukan Tibiri da arha fiye da famfon Dogondutsi nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru haka aka rayu. Baitulmalin Najeriya ne, ba da saninsa ba, yake biya wa manomin Dumega wani kaso na kuɗin ban ruwa. Gwamnatin Buhari ta yi ƙoƙarin toshe ƙofar: ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, a Nuwamba na shekarar kuma hukumar kwastan ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Waɗanda suka fi jin jiki su ne mutanen garuruwan bakin iyaka na Najeriyar kanta, irin su Kamba, da aka bar su suna sayen man ƙasarsu a hannun 'yan bumburutu. Kwalba ta ɗan yi tsada a wannan ɓangaren, amma ba ta ɓace daga tebur ba, domin ratar da ke tsakanin farashin biyu ta fi ƙarfin shinge.

Abin da shinge ya kasa, magana ɗaya ta yi shi. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwana biyu kamfanin NNPC ya fitar da sabon jadawali, kuma jadawalin kansa darasi ne ga mai son fahimtar dalilin da ya sa farashi ke bambanta daga wuri zuwa wuri: naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Najeriya ma a da tana da nata asusun daidaita kuɗin dako da aka kafa a 1975, wanda yake biyan tankokin da ke hawowa arewa daga bakin teku. Da aka saki kasuwa, sai nisa ya fito fili a kan allo. Legas na kusa da tashar jiragen ruwa, Birnin Kebbi da Sakkwato na can ƙarshen hanya, saboda haka man da ke isowa kusa da iyakar Arewa yana cikin mafi tsada a Najeriya tun kafin ya tsallako. A watan Yuli lita ta kai naira 617 a Abuja, kimanin sefa 420 ke nan a canjin lokacin. Ribar ɗan fasa-ƙwauri ta tsuke ƙwarai.

Wata biyu bayan jawabin, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kebbi, wadda a da ita ce mafi yawan lantarkin da Nijar ke sha. Duk mai janareto ya tayar da shi. Buƙatar mai ta ƙaru a daidai lokacin da hanyar shigowarsa ta ƙuntata.

A nan ne amsa ta biyu ta mai tebur ke shigowa, kuma ita ce aka fi mantawa da ita in ana wannan zance a rediyo. Farashin Najeriya da naira ake faɗinsa, mutumin Tibiri kuwa sefa ke aljihunsa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta gaba ba ta baya. Naira kuwa an sake ta a tsakiyar Yunin 2023. Daga wajen 460 a kan dalar Amurka a farashin hukuma, ta wuce 1,500 a watan Fabrairun 2024. A watannin nan famfon NNPC yana nan kusa da naira 617, bai bi faɗuwar naira ba. Sai ga shi litar da ta kai sefa 420 a damina ta dawo ƙasa da sefa 300 kafin bazara, ba tare da wani ya rage ko kwabo a kan allo ba. Mai canji a bakin kasuwa, da damin naira ɗaure da roba a hannunsa da wayar da yake jin farashin Kano da ita, ya fi ministoci biyu iko a kan kwalbar Gesheme. Da aka janye takunkumi a ƙarshen Fabrairu aka buɗe iyaka a watan Maris, sana'ar ta farfaɗo har kwastan na Najeriya suka kafa runduna ta musamman a tsakiyar 2024 don farautar masu fitar da fetur.

Farfaɗowar ba ta daɗe ba, domin ƙofar ta matso daga ɓangarori biyu. Yamai ta rage nata zuwa 499 a watan Yuli. A watan Satumba, lokacin da matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara fitar da fetur, NNPC ya ɗaga nasa zuwa wajen naira 855 zuwa 897, a Oktoba kuma ya kai 998 a Legas, 1,030 a Abuja, ya fi haka a jihohin nesa. A canjin lokacin, man da ke bakin iyakar Kebbi ya kama sefa 400 ko sama. Ɗan abin da ya rage tsakaninsa da 499 bai isa ya biya man babur ɗin dako da shingaye da kasadar rai a dajin da 'yan bindiga ke yawo ba. Da yawa suka jingine bido.

Ga mai kallo daga ofis, wannan nasara ce: fasa-ƙwauri ya mutu, haraji zai shiga baitulmali. Amma a watan Maris na 2025 aka ga abin da man ɓoye ya daɗe yana rufewa. Layukan motoci da babura suka miƙe a gidajen mai daga Yamai har Damagaram, wasu gidajen suka rufe. Jami'an SONIDEP da kansu suka fito suka ce man da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya a da yana ɗauke da kusan rabin kasuwa, musamman a jihohin da ke bakin iyakar Najeriya, kuma abin da SORAZ ke iya bayarwa a rana bai fi rabin abin da ƙasa ke bukata a lokacin ba. Matatar da aka gina a 2011 da lissafin cewa za ta ƙosar da gida har a sayar wa maƙwabta, ga shi jama'a sun ƙaru, babura sun cika ƙauyuka, kuma kowa ya dawo famfo rana ɗaya. A watan ne gwamnati ta sallami shugabannin kamfanonin mai na Sin guda uku daga ƙasar, jaridun Najeriya kuma suka ruwaito cewa tawagar Nijar ta je Abuja an amince a turo tankoki ɗari uku.

A irin wannan lokaci ne farashi ɗaya ke zama magana kawai. Mutumin birni zai kwana a layi, amma in ya kai bakin famfo 499 zai biya. Mutumin ƙauye ba shi da layin da zai bi. Mai teburin garinsu ne zai hau babur ya je inda famfo yake, ya ɓata yini, ya samo bido ɗaya ko biyu in an yarda a zuba masa, ya dawo ya ɗora kuɗin tafiyarsa da na yininsa a kan kowace kwalba. Wato teburin da a da yake sayar da mai ƙasa da farashin hukuma, a irin wannan lokaci sama da shi yake sayarwa, kuma gwargwadon nisan ƙauye daga famfo, gwargwadon tsadar. Asusun daidaita dako yana rako mai har bakin famfo, daga nan ya juya. Kilomitocin ƙarshe, waɗanda suka fi rairayi da wahala, talaka ke biyansu shi kaɗai.

Kuma a Dallol Mawri mai ba kayan more rayuwa ba ne. Albarkar kwarin ita ce ruwa na kusa. A wurare da yawa ba a yin nisa da haƙa ake tarar da shi. Shi ya sa bayan an kai gero da wake rumbu, jama'a ke gangarawa fadama noman rani: rake, rogo, dankali, albasa, tumatir, zogale. Ƙaramin injin ban ruwa mai shan esansi shi ya maye gurbin guga da jigo, shi ya ba magidanci damar ninka faɗin garkarsa, shi ya hana samari da yawa tafiya cin rani. Injin nan kuwa ba ya jiran farashi ya sauko. Albasar da ta kwana uku ba ta sha ruwa a watan Maris ba, ta tafi. Mai garka zai sayi kwalba ko nawa take, ko da bashi, ya zo ya tarar da kuɗin buhu a kasuwa bai san an yi tsadar mai ba. Haka matar da ke kai gero injin niƙa za ta ji ƙarin a kan kowace tiya, haka mai haƙurin da za a ɗauka a babur zuwa likita, haka mai naƙudar da dare ya yi mata a ƙauyen da ba mota. In aka ce lita ta ƙaru da dala ashirin, a wurin waɗannan mutane ba ƙididdiga ba ce, cefanen yini ne.

Gazuwal ya taɓa nuna wa Nijar ɗaya fuskar wannan al'amari. A 2022, da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya, a Najeriya inda ba a tallafa masa ya ninka, a Nijar kuwa yana nan 538. Nan take gangaren ya juya: manyan motocin maƙwabta suka riƙa shigowa suna cika tanki, gazuwal ya yi ƙaranci a ƙasar da ke tace shi. Gwamnati ta dakatar da fitar da tataccen mai a watan Yuni, ranar 1 ga Agusta kuma ta ɗaga lita zuwa 668, ƙarin da ya haifar da ƙungiyar farar hula ta M62. Duk farashin da aka tsayar da doka a gefen iyakar da ba ta da ƙofa, sai an yi lissafinsa da na maƙwabci, in ba haka ba ko dai man maƙwabci ya cika maka kasuwa, ko naka ya tsere ya bar ka.

Abin da ya fi ci wa mutum rai a Tibiri shi ne, mai na wucewa ta ƙarƙashin ƙasarta dare da rana. Bututun da ya taso daga Agadem zuwa tashar Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka gina don fitar da ganga 90,000 a kowace rana, ta jihar Dosso ya ratsa kafin ya tsallaka kogi ta wajen Gaya. Jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. Ranar 12 ga Yunin wannan shekarar, 'yan bindiga suka kashe sojoji shida masu gadin bututun tsakanin Salkam da Tibiri. Ɗanye ne ke cikinsa, ba ya tayar da babur, ba ya juya injin ban ruwa, kuma kasuwar duniya aka nufa da shi. Amma mutanen da aka ratsa gonakinsu, waɗanda yanzu suke kwana da fargabar da bututun ya jawo musu, suna da haƙƙin su tambayi me ya sa litar da ke hannunsu ta fi ta mutumin Yamai tsada.

A ƙarshen 2024 gwamnati ta sa hannu da wani kamfanin Kanada mai suna Zimar kan shirin gina sabuwar matata a Dosso, wadda aka ce za ta ninka ta Damagaram sau da yawa. In ta tabbata, Arewa za ta koma kusa da bakin matata maimakon ƙarshen hanya. Sai dai gina matata aikin shekaru ne, mai garka kuwa rani mai zuwa yake lissafi. Akwai abin da bai kai wannan nauyi ba. Gundumar Tibiri, wadda aka cire daga ta Dogondutsi a 2011, ƙananan hukumomi huɗu ne kacal: Tibiri, Kore Mairuwa, Dumega da Gesheme. Ba abin da zai gagari SONIDEP ba ne ta tabbatar kowace babbar kasuwar mako a cikinsu tana da famfon da tanka ke zuwa masa a kan kari, asusun dako ya biya har can, a kuma ware wa ƙungiyoyin manoman rani kasonsu daga Nuwamba zuwa Afrilu. 'Yan ruwa-ruwa kuwa, korar su da ƙwace musu bido ba ta taɓa kai mai ƙauye ko ɗaya ba. Su ne suka san wace garka ke bukatar lita nawa, su ne ke ba da bashi har a cire albasa. A yi musu rajista, a sayar musu a farashin sari, a yanke musu ribar da za su ɗora, a koya musu ajiye bido nesa da murhu da ɗakin kwanan yara.